Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Kebbi: Kafin A Zo A Rufe Mana Ruwa

Mai girma Gwamna, Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya ka riƙo. Ni mutumin Yauri ne daga gidan masunta, kodayake alli da allo na riƙa, sana'ar da kai ma ka fito daga cikinta. A kan ruwa da kifi nake son ka ba ni aron kunnenka.

A watan Disambar 2022, a wani taro a ƙasar Kanada, ƙasashen duniya har da Najeriya suka amince cewa kafin 2030 za a keɓe kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da ruwa domin kariya. Mutane da yawa sun ɗauka maganar teku ce, alhali koguna da tafkuna da fadamu duk suna ciki. A 2023 kuma Shugaba Tinubu ya kafa ma'aikatar harkokin teku, aka mayar da sashen kula da kifi ƙarƙashinta. Ko ba daɗe ko ba jima, wani zai iso Birnin Kebbi daga Abuja da taswira da kuɗin tallafi, ya ce ga inda za a daina jefa taru. Ba na ƙin zuwansa. Kifi ya ragu, duk wanda ya san kasuwar Yauri shekarun baya ya san haka. Abin da nake so shi ne ya tarar mun riga mun san abin da ya faru da mutanen bakin teku, waɗanda aka fara gwada wannan magani a kansu.

Kwara, wato kogin Neja, da ke shigowa Najeriya ta jiharmu, ta wuce Yauri ta faɗa tafkin Kainji, ita ce ke ƙarewa a yankin Neja Delta. Can akwai dajin da babu mai girmansa a Afirka na wasu itatuwa masu tsiro cikin ruwan gishiri, ana kiransu mangurob. Saiwoyinsu a waje suke, a harɗe, kuma cikinsu ƙananan kifi da jatan lande da ƙaguwa ke ɓuya har su yi ƙwari. Su ne ke riƙe laka kada igiyar teku ta cinye gari. A 1906 Turawan mulkin mallaka suka kawo wani irin kwakwa mai suna nifa daga Singafo suka dasa a Kalaba, da niyyar tare zaizayar gaɓa. Niyyar ba ta da aibu. Yau nifa ta mamaye gaɓar Kuros Riba da Akwa Ibom har zuwa Ribas, tana korar itatuwan asali, masuntan can kuma na kukan cewa inda ta kama, kifi ba ya hayayyafa kamar da. Wanda ya yanke shawarar bai tambayi mai kwalekwale ko ɗaya ba, kuma shekara fiye da ɗari ke nan jikokin masu kwalekwalen na biyan bashin.

A ƙasar Ogoni kuwa mai ne ya kashe dajin. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 ya ce gyaran na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, kuma sai a 2016 aka ƙaddamar da aikin. Mutanen garin Bodo na can Ogoni, waɗanda malalar mai ta 2008 ta lalata wa ruwa, sai a 2015 kamfanin Shell ya amince ya biya su fam miliyan 55. Shekara bakwai masunci na zaune babu ruwan shiga. Ana sake dasa itatuwan yanzu, amma iccen da aka dasa bana ba ya ciyar da gida bana.

Misalin da ya fi kama da abin da nake jin tsoro shi ne na Gana. Gwamnati ta ga kifin teku na ƙarewa, ta ce a 2018 za a rufe kamun kifi na wata guda. Masunta suka tayar da ƙayar baya, dole aka ɗage, sai a 2019 aka fara. Ba wai masuntan ba su san kifi na ƙarewa ba ne. Ƙorafinsu biyu ne. Na farko, me za su ci a watan? Daga baya aka riƙa raba shinkafa da man girki, mutane da yawa na cewa bai kai gare su ba. Na biyu, kowa ya san manyan jiragen kamun kifi na kamfanoni ne ke kwashe ƙananan kifi, su daskarar da su, su sayar a tsakiyar teku a ɓoye, cinikin da can ake kira saiko. Mai ƙaramin jirgi ya ga an ɗaure masa hannu alhali babban mai laifi ya daɗe yana cin karensa babu babbaka, ta yaya zai girmama dokar?

Akwai kuma inda abin ya yi kyau, kuma dalilin a fili yake. A kudu maso yammacin Madagaska, a ƙauyen Andavadoaka, mutanen gari da kansu suka rufe wani yanki a 2004 daga kamun wata halittar teku mai hannuwa takwas da suke sayarwa. Da aka buɗe, abin da suka kama ya fi girma da nauyi. Maƙwabta suka gani da idonsu suka kwaikwaya, aka kuma ɗora hukuncin mai saɓawa a kan dokarsu ta gargajiya. A gaɓar Gazi ta Kenya, tun 2013 mutanen ƙauye ke tsaron dajin mangurob ɗinsu, kamfanonin waje na biyansu saboda hayaƙin da itatuwan ke shanyewa, kuɗin kuma na tafiya ga ruwan famfo da littattafan makaranta. A wuraren nan biyu, wanda aka hana shi ne wanda ya yanke hukuncin hanin, kuma shi ya ga ribar.

Ranka ya daɗe, wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Kabi. Gulbin Matan Fada na Argungu a rufe yake duk shekara, babu mai jefa homa sai Sarkin Ruwa ya buɗe ranar biki. Shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai ƙarti sun taru su ɗaga. Tun 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, bikin Argungu ya ɗauki siffar da aka san shi da ita, a 2016 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Mu kan yi alfahari da gangar da baƙin, mu manta cewa ƙashin bayan abin shi ne hanin watanni da mutanen Argungu ke bi ba tare da ɗan sanda ya tsaya a bakin gulbi ba.

Mun kuma ɗanɗana ɗaya salon. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta tashi mutane wajen 44,000, tsohuwar Busa ta nutse, ƙauyukan Sarkawa da Gungawa da dama suka bar tsibiransu. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa da Jamusawa ya zo da rajistar masunta da haramta dala, tarun nan mai ƙananan idanu da ake ja zuwa gaɓa yana kwaso har 'ya'yan kifi. Hanin daidai ne. Amma da kuɗin shirin ya ƙare, sa ido ya yi sanyi. A aika wani ya zaga bakin ruwa a Ngaski ko Shanga ya dawo ya faɗa maka abin da ake ja yau. Har gidan sauron da aka raba don maleriya ya zama taru a wasu hannuwan, ga masu zuba gamalin a kududdufi su kashe babba da yaro a dare ɗaya.

Roƙona shi ne jiha ta rubuta nata tsarin kafin a rubuta mata. A ba sarakunan ruwa matsayi a cikin dokar kifi, ta yadda in Sarkin Ruwa da jama'arsa suka rufe wani lungu lokacin da kifi ke hawa fadama don zuba ƙwai da damina, kotu za ta tsaya musu. A bar su su zaɓi lungun da watannin, masana daga cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa su ba da shawara. Hukunci kuma ya fara daga masu kuɗin da ke sayen dala su ba yara haya, da masu sayar da gubar, kafin a kai ga talakan da ke da birgi ɗaya. Abin da za a ci a watannin rufewa a sa shi cikin kasafi tun farko, kuma hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin al'ummomin da madatsun wuta suka shafa, nan ne wurin da ya kamata a ga hannunta.

Kada a manta da mata. A bakin teku, duk lokacin da aka hana saran mangurob, matan da ke banda kifi da iccen ne ke fara shan wahala, domin ba a kiran su taro. Namu ma da icce suke banda, kuma iccen na ƙara nisa da tsada. Tun 1969 aka ƙirƙiro murhun Chorkor a Gana, na laka ne da faifan raga da ake jerawa bisa juna, yana cin icce kaɗan. Maginin gari zai iya gina shi in an nuna masa sau ɗaya.

Ina roƙon ka sa a kira zama a Yauri kafin ruwa ya fara hawa, ƙarƙashin inuwar masarautun Yauri da Argungu, a gayyato sarakunan ruwa da dillalan kifi da shugabannin mata masu banda, a yi shi da Hausa, kwamishina ya zauna ya saurara kafin ya karanta jawabinsa.

Allah ya ƙara maka lafiya. Wassalam.

Naka,
Malamin makaranta, ɗan masunta, daga Yauri.