Wasiƙa zuwa ga Baba a Maradi

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da dukan mutanen gida. Ni ma lafiya ƙalau nake, alhamdu lillahi.

Kuɗin da na turo ranar Litinin jika 120 ne, ba 200 da na saba ba, kuma na fi so ka ji dalili daga bakina. Jika 70 na hatsi ne da maganin Inna, sauran 50 kuɗin lakwal ɗin yara ne, kuma ina roƙo kada a taɓa su ko da wani ya zo da kuka.

Labari ya iso mini cewa ana faɗi a majalisar ƙofar gidan Kawu wai na zama matuƙin babban jirgin sama na fasinja, har Auta ya karɓi moto bashi da sunan cewa ni zan biya. Baba, wannan ya ɓata mini rai ƙwarai. Ya mayar da moton nan wurin mai shi tun bai lalace ba, domin ban yi wa kowa alkawari ba.

Gaskiyar magana ita ce, lasisin da ke hannuna sai da na cika awa 250 a sama na same shi, alhali a nan Amurka kamfanonin fasinja na neman awa 1,500, kuma kowace awa hayar jirgi ake biya. Hanyar da ta rage wa irinmu ita ce mutum ya zama malamin tuƙi, ɗalibi ya riƙa biyan hayar, kai kuma awoyinka na taruwa. Shirin da nake yi ke nan. Na ci jarrabawa biyu na rubutu, waɗanda sai da maki 70 cikin 100 ake haye su. Ɗayarsu ba ta ma shafi jirgi ba, a kan yadda ɗan Adam ke ɗaukar karatu take, da yadda tsoro ke toshe masa kai. Ina karantawa ina tuna ka a zaure, kana barin almajiri ya yi ta tuntuɓe a kan aya ɗaya kafin ka ɗora shi.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kujerar dama. Tun da na fara, a hagu nake zama, amma malami a dama yake, saboda haka hannun da ya saba da sitiyari shi ne yanzu ke ba da wuta. Ranar farko da na sauke ƙaramar Cessna 172, jirgin da muke koyo da shi, daga can, sai da ta yi tsalle sau biyu kamar akuya, malamina yana ta dariya. Ga shi dole bakinka ya riƙa bayani hannunka na aiki. An kuma koya mini yadda ake ceto jirgi idan ya kife yana juyawa zuwa ƙasa. Ba wani abu ba ne, amma kada a gaya wa Inna. Zafin Arizona kuwa, jihar da nake zaune, sai ka ce Maradi a bazara, kuma zafi na rage wa jirgi ƙarfin tashi, shi ya sa da an sallame asuba muke fita.

Saura jarrabawar ƙarshe: mai gwaji zai zaunar da ni awoyi yana tambaya, sannan mu tashi ya zama ɗalibi, ni in koyar da shi. Kuɗinsa daban, hayar jirgi daban, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biya. Ina jin kunyar rage muku a wannan lokaci na tsadar hatsi, amma wata biyu ne kawai in Allah ya yarda.

A sa ni a addu'a. Jika 50 ɗin nan na lakwal ne, kuma Auta ya mayar da moto. A gaida Inna, a gaida Gwaggo da jiki.

Ɗanka.