Lemuna ya yi fumfuna, yayan matata yana neman kuɗinsa

Assalamu alaikum Malam, tare da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na wannan shiri.

Ina rubuto maka daga Maradi raina a jagule, domin mako biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Sana'ata sayar da kayan marmari, kuma tun ina yaro nake bin mahaifina lambu a bakin Gulbi, saboda haka babu wanda zai ce ban san lemu ba. Yayan matata ne ya kawo mini buhu 30 daga Binuwai, ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, a kan in sayar in biya shi.

Ranar da aka sauke kayan na cusa hannu cikin buhun ƙasa na ji ɗumi, wasu kuma ɓawonsu ya yi taushi a gefe kamar an jiƙa shi. Bayan kwana uku wurin ya yi fari kamar auduga, tsakiyarsa ta koma kore, in ka ɗaga lemun sai wata ƙura ta tashi, shagon duk ya ɗauki wari. Na kira yayan matata, ya ce: "Lafiya lau na ba ka kayana, a hannunka suka lalace." Mutumin da bai taɓa zuwa gaishe ni ba lokacin da na kwanta jinya, sai ga shi ƙofar gidana da sassafe.

Wani malamin gona ya bayyana mini cewa ƙurar nan ita ce irin fumfunar, iska ke yaɗa ta, kuma ba ta shiga lafiyayyen ɓawo sai ta rauni, wato inda farce ya karce, ko inda lemun ya bugu da aka kakkaɓo shi daga bishiya, ko aka danne shi a mota. To Malam, ni na kakkaɓo shi? Ni na ɗora buhu bisa buhu? Gaskiya ne na rufe kayan da tamfol kwana biyu ban tsince ba, amma saboda ɓarayi ne, ga shi a lokacin ana sunan ɗan ƙanena.

Malamin ya ce in riƙa tsince ruɓaɓɓu kowace safiya in binne su nesa, in daina ajiya a buhu, in baza a kwanduna cikin inuwa inda iska ke ratsawa, in wanke shagon da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, sabon kaya kuma a tsoma shi a ruwan bikarbonat, wato farar hodar soda da ake sa wa fulawa, a bari ya bushe sarai. Ya ce mangwaro ma baƙin tabonsa tun yana kan bishiya yake kamuwa, sai ya nuna ya bayyana, kuma ana rage shi da ruwan zafi na digiri 52 na minti 5. Ni kuwa ba ni da ma'aunin zafi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, matata ta yanke ɓangaren da ya ruɓe ta ba yara sauran, malamin kuwa ya ce a kayan marmari masu taushi fumfunar tana shiga ciki fiye da abin da ido ke gani. Yanzu ba ta yi mini magana, wai na ci mutuncin yayanta gaban mutane. Buhu 12 kaɗai na tsira da su. Shin wajibi ne in biya shi kuɗin buhu 30 cif, ko kuwa in kai maganar gaban surukina?

Naka mai sauraro,
daga Maradi.