Ku Daina Ɗora Wa Masu Jif Laifin Lalacewar Motocinsu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na rubuto ne a kan maganar da wani dillalin motoci ya yi a shirinku na rediyo na ranar Asabar, da kuma shirun da mai gabatarwa ya yi masa. Da kunnena na ji ya ce manyan jif-jif na Turai ba sa lalacewa, wai masu su ne ba su san darajar abin da suka saya ba, suna kai su wurin bakaniken bakin titi. Har ya ƙara da cewa wanda aljihunsa bai kai ba ya tsaya a Corolla. Aka yi dariya a ɗakin shirin. Da wani bawan Allah daga Gusau ya bugo waya ya fara ba da labarin tasa motar, sai aka katse shi, wai lokaci ya ƙure. Wannan abu ya ɓata mini rai ƙwarai, kuma har yanzu bai sake ni ba.

Ina da irin motar da yake magana a kai. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba don kada a ce ɓatanci na zo yi. Abin da zan faɗa shi ne babu wata kulawa da littafin motar ya ce a yi da ban yi ba. Baƙin mai wanda aka rubuta shi nake zubawa, kuma ba na jira lokacin sabis ya cika. Ba na shan mai a wurin 'yan bumburutu. Ban taɓa ba direba ita ba, ni nake tuƙa abata. In za a taɓa ta, Abuja nake kai ta, garejin da ke da kwamfutar da ke karanta irinta. To a gaya mini, ta wace hanya ce ban san darajarta ba?

Motar nan ba sifirin na ƙarfe ne ke ɗauke da ita ba, jakunkunan roba ne cike da iska a kowace ƙafa, da kwamfireso mai hura su. A wurin sayarwa wannan shi ne abin da aka fi yi mini kirari da shi, a danna maɓalli ta tashi, a danna ta sauka. Babu wanda ya ce mini roba ce, kuma roba tana tsagewa a zafi da ƙurar da muke ciki. Wata safiya na fito na tarar da ita ta durƙusa ta gaba kamar raƙumi. Aka canja jaka ɗaya. Ba a jima ba ta ɗaya gefen ta bi sahu. Shi kuma kwamfireson, saboda ya daɗe yana hura jakar da ke yoyo, ya ƙone. Na zaga kasuwar Panteka babu, na aika Kofar Ruwa a Kano babu, a kasuwar Ladipo ta Legas aka samo Beljiyam, wato na hannu, wanda shi ma bai yi ƙarko ba. Daga ƙarshe sai daga Dubai aka yo oda, motar na ajiye a gareji makonni tana shan ƙura, ni kuma ina aron motar ƙanina in kai yara makaranta.

Kuma kayan nan da dala ake sayensu. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Dillalinku ya san wannan sarai. Ya zauna a gaban makirufo yana cewa matsalar ƙarancin aljihu ce, alhali ɗan abin da bai fi tafin hannu ba ya koma kuɗin da zai ciyar da gida wata guda.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya same ni a hanyar Abuja zuwa Kaduna. Muna tsakanin Katari da Rijana, bayan la'asar, ina tare da maiɗakina da yara da mahaifiyarta. Kowa ya san abin da sunan wuraren nan yake nufi ga matafiyi. Kawai sai fitilun gargaɗi suka kama a gabana, giya ta maƙale a wuri guda, mota ta ƙi karɓar wuta. Na lallaɓa na gangara gefe. Na kashe na tayar, babu canji. Motocin haya, Sharon da Golf, shaƙe da mutane da buhuna, suna ta wuce mu. Surukata ba ta ce komai ba sai salati, ƙaramar 'yata tana tambayata ko za mu kwana a nan ne. Na buga wa masu janwe, suka ce irin wannan motar ba a jan ta a ƙasa, sai an ɗora ta a kan babbar mota, kuma babu mai fitowa daga Kaduna da yamma haka. Wani direban haya, Allah ya saka masa da alheri, shi ya matsa wa fasinjojinsa suka rage wuri aka ɗauki iyalina. Ni na tsaya har magariba ta kawo jiki kafin na samu waɗanda suka taimaka muka tura ta zuwa wurin jami'an tsaro. Da aka sa mata kwamfuta daga baya, aka ce wata 'yar sensa ce ta ba da rahoton ƙarya, kwamfutar motar ta rufe komai. Inji lafiya, giya lafiya, amma mota ta ajiye tsohuwa da ƙananan yara a dajin da ake sace mutane. Wane bakaniken bakin titi ne ya jawo wannan, Malam Edita?

Ba a nan ta tsaya ba. Da damina ruwa ya bi ta magudanar rufin gilashi ya taru a ƙarƙashin kafet, inda aka shimfiɗa wayoyi, tagogi suka riƙa sauka da kansu. Bututun ruwan lagireto na roba ne, zafin Afrilu ya fasa shi. Mai rewaya da na sani shekara da shekaru, wanda babu motar Japan da ta taɓa gagarar sa, ya duba ya ce in yi masa afuwa, ba zai sa hannu ba.

Na san abin da baƙon naku zai ce: man mu ba shi da kyau, hanyoyinmu sun lalace. Haka ne. Ba mu manta da fetur ɗin da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 ba, mai sinadarin methanol fiye da ƙima, wanda ya kashe injina da yawa ya kuma jawo dogayen layuka a gidajen mai. Amma shi dillalin a wace ƙasa yake zaune? Ya san man, ya san ramukan, ya san zafin, ya karɓi miliyoyin mutane bai ce uffan ba. Kuma me ya hana mai gabatarwa ya tambaye shi game da motocin da ambaliya ta shanye a Amurka, irin ta guguwar Harvey a Houston a 2017, waɗanda kamfanonin inshora ke gwanjonsu, a wanke a goge a turo mana a matsayin tokumbo mai tsafta? Me ya hana a gaya wa masu sauraro cewa yawancin motoci suna da lambar bodi mai haruffa da alƙaluma 17 da za a iya bincika tarihinsu da ita a intanet? Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, akwai hukumar FCCPC da ke aiwatar da ita, ko sau ɗaya ba a ambace su ba. Awa guda cur aka ba mutum yana tallan hajarsa da sunan wayar da kai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da na gaji na ce zan rabu da ita. Na kai ta wurin dillalai. Wallahi kafin in buɗe baki sun fara lissafo mini cututtukanta ɗaya bayan ɗaya: iskar ƙafa, wayarin, ɗigon ruwa, giya. Sun san su fiye da ni. Suka taya ta da kuɗin da ko rabin abin da na biya bai kai ba, a gefe kuma ga Prado da ta girme ta ana rububinta. Wato a filin ciniki sun yarda motar tana da ciwo, a gidan rediyo kuma sai a ce mai ita ne bai iya ba. Mu da yawa muna shiru ne saboda kunya, don in ka yi kuka sai a ce mai kuɗi ne ke kukan daɗi. Shirun namu ne ya ba irin su damar faɗin abin da suka ga dama.

Sannan don Allah ku duba tallan masu maganin gargajiyar da kuke sakawa a tsakiyar shirin. Kalmomin batsa ƙarara, da rana tsaka, muryar ma ta fi ta shirin ƙarfi. Mutum yana zaune da 'ya'yansa sai ya yi wuf ya kashe rediyo. Gidanku ya fi ƙarfin wannan.

Ina roƙon ku sake shirin nan. Ku ɗauko bakanike daga Apo ta Abuja ko Kofar Ruwa wanda hannunsa ke cikin waɗannan motoci kullum, ku haɗa shi da dillalin a zama ɗaya. Ku nemi lambar mutumin Gusau ku kira shi ya ƙarasa maganarsa, kuma a bar layi a buɗe har ƙarshen shiri.

Naku mai sauraro,
daga Kaduna