A sa ɗan majalisa ya bayyana kasuwancinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a unguwar Zariya, nan Maraɗi, shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina ƙera teburan lakwal. Ina roƙon fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini rai, tun kafin a zauna rubuta sabon kundin tsarin mulki.

A shekarun baya wani ɗan kwangila ya ba ni aikin tebur ɗari na makarantun karkara. Sunansa ne a takarda. Amma ranar da aka zo duba aiki, wansa ne ya sauko daga mota, depite, wato ɗan majalisa, mai ci a lokacin. Shi ya ƙirga teburan, ya ƙwanƙwasa katakon da ɗan makullinsa, ya ce in rage kauri don kuɗin ba za su kai ba. Na rage, kuma har yau ina jin nauyin abin. Da damina ta wuce na bi ta ɗaya daga ƙauyukan a babur, na leƙa aji, na tarar da yara zaune a tabarma, teburan an jingine su jikin bango ƙafafu a karye. Mutumin da ya kamata ya tsare minista da tambaya a Yamai kan wannan ɓarna, shi ne mai kayan.

Ba a rasa doka ba. Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya hana shugaban ƙasa, ministoci da ƴan majalisa cin kwangilar gwamnati, da hannunsu ko ta hannun wani. To wa zai gane "hannun wani" in ba a san kamfanin wa ke hannun wa ba? Ƙane, suruki, yaron kanti, duk suna iya ara suna.

Ban ce a hana ɗan kasuwa takara ba. Maraɗi garin alhazai ne, da fatauci ta hanyar Dan Isa da Katsina aka gina shi, kuma cikinsu akwai masu tsoron Allah da suka fi mu sanin wahalar duwan, wato kwastan. Abin da nake nema, tunda majalisar nan mai kujera 171 a rushe take tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, duk ranar da za a sake kafa ta a wajabta wa kowane depite ya rubuta kamfanoninsa da na iyalinsa ran da ya kama aiki. A karanta a rediyo da Hausa, don a Faransanci cikin ofis ba mu da labari. In kuma ana muhawara kan harajin shinkafa alhali shi ke shigo da ita, ya tashi ya ba zauren wuri har a gama ƙuri'a.

Wassalam.

Wani kafinta,
Zariya, Maraɗi