Masu son haɗa babur ɗin supermoto a Katsina, dan Allah a yi lissafi tukuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan bani fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da ƙannena samarin Katsina akan wani yayi da ya shigo mana na haɗa babur ɗin da ake kira supermoto. Ni bakaniken babura ne a nan cikin birni, tun lokacin da Jincheng ke tashe kafin Boxer ta zo ta kore ta nake cikin baƙin mai, to yanzu kusan kullum sai yaro ya shigo gareji da waya a hannu ya buɗe mani TikTok yace oga kaga wannan, haka nake so ka maida mani nawa, nawa zai ci? Amsar da nake basu ita ce zan faɗa a nan, ga mafi yawanmu abin nan bai kai kuɗin da za a zuba mashi ba, ban ce laifi bane, amma gara mutum ya san abinda yake saya kafin ya saida akuyar gyatumarshi.

Da farko ma da yawansu basu san meye supermoto ɗin ba, gani suke duk babur mai dogayen ƙafafu da ƙarar salansa shi ne. Asalin abin a Amurka aka fara shi a 1979, wata gasa ce ta talabijin a jihar Kalifoniya da aka haɗa gwanayen tseren kwalta da gwanayen tseren ƙasa a fili ɗaya don a ga waye gwanin gwanaye, filin wani ɓangare kwalta wani ɓangare ƙasa da tudun tsalle, da aka daina ta a 1985 sai Turawan Faransa suka ɗauki abin suka raya shi har ya bazu Turai. Babur ɗin kuma na daji ne, irin dogon nan mara nauyi mai tayar gaba inci 21 ta baya 18 ko 19 masu ƙuraje-ƙuraje, sai a cire su a sa rim inci 17 gaba da baya mai faɗi da tayar kwalta mai laushi wadda ke kama titi, a sa babban faifan birki a gaba wajen milimita 320, a ƙara ma shoka tauri. Shikenan. Wato kenan kafin ka fara maganar haɗawa sai ka mallaki babur ɗin dajin tukuna, kuma a nan ne lissafin yawancin samarinmu ke watsewa.

Mu ɗauki wanda kamfani ya haɗo da kanshi, Suzuki DR-Z400SM wanda suka fara fitarwa a 2005, shi ne ma ake ganin mai sauƙin kuɗi ne a cikinsu in aka gwada da su KTM 690 SMC R ko Husqvarna 701, amma a 2024 sabonshi a can Amurka wajen dala dubu takwas ne, kafin kuɗin jirgi kafin kwastam kafin ɗan abinda dillali zai ɗora. Da can da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati mutum zai iya ɗan mafarki, amma tunda aka saki naira a watan Yuni 2023 har dala ta wuce 1,500 a 2024, kai malam ka buga a kalkuleta da kanka kaga miliyan nawa ne, wallahi kuɗin fili ne a bayan gari har da fara aza bulo. In kuma kace na hannu zaka nema ɗan Kwatano ka haɗa da kanka to rim biyun nan kaɗai da tayoyinsu da faifan birki masu kyau sun haura dala dubu, kuma ba abu bane da zaka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ka ɗauko a kan tebur, oda ake yi a jira, in an turo maka wanda bai dace da naka ba sai dai ka rataye shi a ɗaki yana maka ado.

Kuma ba a nan ya tsaya ba, don wanda bai taɓa kwance babur ba gani yake cire taya a maida wata ne kawai. Da ka sa ƙaramin rim babur ya sauko ƙasa, jak ɗin gefe ya yi mashi tsawo sai an rage in ba haka ba iska ma sai ta kada shi. Faifan birki ya ƙara girma to abin da ke matse shi dole a matsar dashi waje, sai an sayo ƙarfen da zai riƙe shi, kuma dan Allah wannan ƙarfen ba na mai walda bane ya yanko ya liƙa maka, ranka ne rataye a jikinshi. Tayar baya ta ƙara faɗi sarƙa ta fara gogar gefenta. Zagayen tayar ya ragu inji ya riƙa ihu a kan titi ba gudu, sai an canza siforket na baya an sa ƙarami sannan a rage sarƙa. Mita ma ƙarya zata riƙa yi maka. Kowane ɗaya kaɗan-kaɗan ne amma duk da dala ake sayensu, kafin ka farga ƙananan sun kusa kamo manyan.

To tunda wancan ya fi ƙarfin aljihu, abinda samarinmu ke yi shi ne a kawo Boxer ko Haojue ko wani ɗan Chana ace a maida shi supermoto, kuma wannan ne ya fi ci mani rai. A yanke wutsiya, a ɗaga madigadin gaba sama, a sa dogon shoka, a canza kai a sa mai faɗi, a fasa salansa, a yi fenti ruwan lemu a manna sitikar KTM a tanki. Abin dariyar ma ita Boxer daman inci 17 ne tayarta tun daga kamfani, siririya ce kawai, to kaga ba abinda aka ƙara mata na gaskiya. Injin nan dai shi ne mai CC 100, birkin nan dai na ganga ne ba faifai ba. An ɗaga babur sama nauyi ya koma sama, sarƙa tana saki tana ɗaurewa duk sanda shoka ya motsa tunda ba a kan wannan tsawon aka auna ta ba, ga firem an taɓa shi da wutar walda wanda ni dai ban yarda da ƙarfen da aka yanka aka haɗa a wurin da ke ɗaukar nauyi ba. Ita kuma salansa da ake fasawa ba a taɓa kafireta ba, iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, inji ya riƙa ɗaukar zafi, a zafin Katsina na watan Afrilu da ke haura digiri 40, ƙarshenta bawul ya ƙone a dawo mana dashi. Ni riba ce gareni in ta kuɗi ake bi, amma tsakani da Allah bana jin daɗi in ga mashin da ya haura naira miliyan ɗaya sabo an lalata shi da kuɗin mai shi.

Sai maganar hanya, wadda ita ce ma babba a wurina. Tayar supermoto ta kwalta ce mai tsafta, a can inda ake yinta titi a share yake. Mu kuwa ko a kan manyan titunanmu, ka bi ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Ƙwaya ko ring rod ka duba bakin titi da kan shataletale kaga yashin da iska ke tarawa, balle lokacin hunturu, balle ka sauka kwalta ka shiga unguwa inda rairayi ke cin rabin taya. Faffaɗar taya mai santsi a cikin rairayi yawo take yi, ga birkin gaba mai kamu kamar me, ka taɓa shi da yatsa biyu a kan yashi sai dai a ɗauke ka. Wato ka sayi babur ɗin da aka ƙera daidai da irin ƙasarmu, mai shiga yashi da burji da kwazazzabo, ka kashe dala dubu ka cire mashi abinda ya sa ya dace da mu. Wanda ke zirga-zirga Batagarawa ko Rimi ko ƙauyukan hanyar Daura in har ya samu irin wannan babur to ya bar mashi tayoyinshi na asali ya fi mashi sau goma.

Ga kuma ciyarwa. Shi DR-Z yana da haƙuri gaskiya, amma masu ɗauko na tsere zalla irin su Honda CRF450R saboda sun same shi da ɗan sauƙi a hannu, su sani wannan ba da kilomita ake lissafin juyen manshi ba da awa ake yi, baƙin man da yake ɗauka ɗan kaɗan ne, ba fitila ba lamba ba tirafiketa, filtar iskarshi soso ce da sai an wanke an shafa mata mai akai-akai, a ƙurar hunturun nan in kayi sakaci fistin ya tafi, kuma fistin ɗin ba daga Nnewi, garin 'yan kasuwar kayan gyaran babura, ake kawo shi ba. Baya son man kwalba na bakin hanya. Fetur kuma kowa ya san inda aka kwana tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura dubu. Tayar ma mai laushi ce bata daɗewa, kuma mai facin unguwarku in ya sa mata ƙarfe ya kwarzane rim ɗin nan sai kayi kamar kayi kuka.

Ranar saidawa kuwa ita ce ranar gaskiya. Boxer da ba a taɓa ta ba ko yau ka fito da ita kafin la'asar ka samu mai saye, ɗan kabu-kabu na so manomi na so mai kai kaya kasuwa na so, kamar kuɗi ne a ajiye. Amma wadda aka yanke ma wutsiya aka ɗaga wa zai saya? Ba ta ɗaukar buhu ba ta ɗaukar iyali, dillali zai kalle ta yace sai an maida ta yadda take, ya cire kuɗin maidawar a ciki. Duk abinda ka kashe na ado ba kobo da zai dawo, har uwar kuɗin ma ta ragu.

Kada kuma mu manta a wace jiha muke. Babur a Katsina ba abin wasa bane saboda matsalar tsaro, kowa na tune da dokar da gwamnatin Masari ta sa a 2021 wadda ta hana goyon mutum ukku a babur da saida mai a jarka har da saida babura na hannu a kasuwar Charanchi. A irin wannan yanayi ka ɗauko dogon babur mai ƙara ba lamba ba cikakkun takardu, lambar inji daban ta firem daban tunda haɗe-haɗe ne, ka nufi hanyar Jibiya ko Batsari, in jami'an tsaro sun tsaida ka sun yi maka tambayoyi ai aikinsu suka yi, kai ka jawo ma kanka. Shi yasa duk wanda ya kawo mani inji ko firem ba rasit bana taɓawa ko ɗan uwana ne.

Amma fa kar ace na tsani abin, wallahi ina son shi, wanda ya taɓa hawa na gaskiya a kan kwalta mai kyau ya san daɗin da ke ciki, ba nauyi, kana tunanin kwana ya riga ya shiga. Kuma mu Katsinawa ba mu da bakin cewa kashe kuɗi a abin sha'awa hauka ne, ga masu dawaki nan shekara guda ana ciyar da doki dawa da harawa ana saya mashi kayan ado na maƙudan kuɗi don hawan sallah da kilisa, ba wanda ke tambayar ribar da ya kawo. To supermoto ma dokin ne, amma mai doki baya saida gonarshi ya saya, kuma ba dashi yake zuwa kasuwa ba. In kana da sana'a tsayayya, iyali sun ƙoshi, kana da wani mashin na zirga-zirga, kuɗin nan in sun narke ba zasu hana ka barci ba, bismillah ka haɗa, ni ma zan so in sa hannu a aikin. Shawarata dai ka nemi wanda kamfani ya haɗo ko da na hannu ne ya fi arha akan ka bi ɗaya-ɗaya, in kuma dole sai ka haɗa to ka ajiye tayoyin asali kar ka saida, ka fara da birki, sannan hular kwano ta gaske da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu, salansa da fenti su zo ƙarshe in kuɗi sun rage. Yanzu akasin haka ake yi, salansa farko, hular kwano babu, silifas a ƙafa ana ɗaga taya a ayarin biki tsakiyar mata da yara.

Kira na ga hukumar wasanni ta jiha da masu hali a cikinmu, tunda yaran nan ba dainawa zasu yi ba, a samar masu da fili a bayan gari ko da sau ɗaya a wata, yadda masu folo ke da nasu filin, a kira 'yan rodi sefti da motar asibiti, ba hula ba shiga, kowa ya zo ya gwada abinda ya haɗa a can maimakon kan titin IBB da dare mutane na barci. Mu makanikai a shirye muke mu zo mu duba birki da sarƙa kyauta a bakin ƙofa kafin a bar kowa ya shiga.

Nagode Malam Edita, Allah ya ƙara ma jarida ɗaukaka, Allah ya bamu zaman lafiya a jiharmu.

Naku,
Wani bakaniken babura,
Katsina.