Kyanwa ta haihu a kwalin littattafanka

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya aiki, ya madam da yara? Na san ka yi fushi, saƙonka ya fi wata biyu a wayata, na buɗe na karanta na ce bari sai na samu natsuwa in ba ka amsa mai tsawo, to natsuwar ce har yau ba ta zo ba, yau dai na ce ko da tsiya-tsiya sai na rubuta. Ka yi haƙuri. Kuma ka tanadi wani haƙurin don akwai laifi na biyu, shi ya ma fi girma.

Ka tuna kwalin littattafan da ka bar min ajiya ranar da za ka tashi, har ka ce in kula da shi kamar idona? To kyanwarmu ta haihu a ciki. 'Ya'ya huɗu reras. Wallahi ban san lokacin da ta shiga ba, kwalin yana sito can ƙasan tebur shekara uku babu wanda ya taɓa shi, ashe gefe ɗaya ya ɓule ta samu hanya. Yara suna kiranta Toka saboda launinta, ba ka san ta ba, bayan tafiyarka ta zo mana tana 'yar mitsitsiya ta maƙale a gidan, muka kore ta sau uku ta dawo sau huɗu, shi ke nan muka haƙura. Mun dai ga cikin ya yi nauyi, ita kyanwa kwana 63 zuwa 65 take yi da ciki, amma tunda ba ta gaya mana ranar da ta ɗauka ba babu mai lissafi. Na gyara mata kwando na shimfiɗa tsohon tawul, ta shinshina ta kalle ni ta yi gaba abinta. Ranar wata Talata da asuba muka neme ta muka rasa, sai auta ce ta ji wani ɗan kuka siriri kamar na tsuntsu daga sito, muka haska fitila sai ga ta kwance male-male a kan littattafanka tana lasar 'ya'yan.

Kafin ka tambaya, yawancinsu lafiya lau. Guda uku na sama ne suka sha, biyu bangon kawai ya ɓaci, na ukun zan zo kansa.

Sai dai abin ya zo mana a daidai lokacin da gidan yake a hargitse. Maman yara ta zame a banɗaki ta dafa ƙasa da hannun dama, wuyan hannun ya tsage, aka yi hoto aka saka mata filasta likita ya ce sati shida babu ɗaukar ko cokali. Alhamdulillahi da sauƙi yanzu, saura kwana goma a cire. Amma ka san me hakan yake nufi, kicin ya dawo hannuna. Ni da ka sani, wanda lokacin muna ɗaki ɗaya ruwan shayi ma sai na ƙona tukunya. Ita tana zaune a kujera a bakin ƙofar kicin da hannu a rataye tana ba da umarni, ni ina tsaye ina gumi, babbar 'yar tana wanke-wanke tana dariya ƙasa-ƙasa. Na ce mata hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ta ce ai kai hannu biyu gare ka kuma shinkafa ta gagare ka.

Kuma gaskiyarta. Ranar farko shinkafar ta caɓe ta koma kamar kunu, rana ta biyu na rage ruwa sai sama ya zama tsakuwa ƙasa ya zama ƙanzo baƙi ƙirin, sai da muka jiƙa tukunyar ta kwana. Ashe ba wani sirri ba ne, kofi ɗaya na shinkafa kofi biyu na ruwa, idan ta tafasa ka rage wuta sosai ka rufe, kuma ka bar murfin nan ya huta. Matsalata ita ce buɗe-buɗe, kowane minti biyu sai na leƙa na juya, tururin da zai dafa ta ya gudu. Da ta gaji sai ta ce in na ƙara taɓa murfin nan za ta tashi ta girka da hannun hagu, tun daga ranar shinkafata take fita warara. Albasa kuwa na sha kuka kamar an aiko min da rasuwa, na tsakiyan ne ya zo da iliminsa na makaranta wai idan ka yanka ta wani sinadari ne yake tashi ya shiga ido, kuma wuƙa mai dakushi ta fi jawo shi saboda murƙushe albasar take yi maimakon yankawa. Na wasa wuƙar, ya ragu kam, amma ban gaya masa ba kada kansa ya kumbura.

Da na ga hannuna ya fara faɗawa sai girman kai ya shiga, na ce zan yi biredi. Kai dai bari. Na zuba yis a ruwan da ya gama tafasa, a tunanina zafi shi zai sa ya yi sauri, na kwaɓa na rufe na jira awa uku, kwaɓin nan ko motsi. Na dai gasa shi a haka don kada a ce na yi asara, abin da ya fito da za ka jefi mutum da shi sai an kai shi asibiti. Ashe yis abu ne mai rai, ruwa mai ɗumi yake so kamar digiri 35 zuwa 40, wanda in ka tsoma yatsa ba zai ƙona ka ba, idan zafin ya kai wajen 60 mutuwa yake yi. Shi ne yake cin sukarin ya fitar da iskar da take kumbura kwaɓin, ni kuma na dafa shi tun kafin ya fara aiki. Karo na uku ya tashi, na buɗe kwanon na ga ya ninka ya taso yana taɓa murfi, wallahi sai da na kira kowa ya zo ya gani har da mai filasta. Ban taɓa zaton ƙullin fulawa zai sa ni farin ciki haka ba, ni da gemuna.

A cikin wannan girkin nawa ne muka kusa yin ɓarna. Auta saboda tausayi ta kwashi ragowar miya ta kai wa Toka wai mai jego tana buƙatar abinci mai kyau, ni kuma tun ranar haihuwar nake zuba mata madara safe da yamma ina ganin gata nake mata. Kwana biyu sai ga zawo, ta yi laushi, hankalina ya tashi don in uwar ta kwanta su huɗun nan ban san yadda za mu yi da su ba. Na kira likitan dabbobi, tambayar farko da ya yi me take ci, da na lissafo masa sai da ya yi salati. Ya ce madarar shanu yawancin kyanwoyi in sun girma cikinsu ba ya narkar da ita, ita ce ta kawo zawon, albasa da tafarnuwa kuwa guba ce gare su ko ɗanya ko dafaffiya, suna lalata jajayen ƙwayoyin jini. Allah ya taimaka kaɗan ta lasa. Ka ji fa, duk rayuwata ina ɗauka kyanwa da madara kamar ɗan jariri da nono ne. Yanzu nama ko kifi dafaffe babu gishiri babu komai, da ruwa mai tsafta, ta murmure har ta fi da.

'Ya'yan kuwa su suka zama talabijin ɗin gidan. Ido a rufe aka haife su, kunnen ma ba sa ji, sai laluben nono kawai suna ture juna. Na ɗora ɗaya a sikelin kicin ɗin madam, giram 100 da 'yan kai, bayan sati ya kusa ninkawa, ita kuma ta ce in na ƙara ɗora dabba a sikelin fulawarta za mu ɓata. A kwana na takwas na farko ya buɗe ido ɗaya, shuɗi, sauran suka biyo baya kafin kwana goma. Abin da ya fi ba ni mamaki, ko fitsari ba sa iya yi da kansu sai uwar ta lashe su. Da yara suka dame ta da ɗauka sai ta riƙa kama su a ƙeya ɗaya bayan ɗaya ta kwashe su zuwa bayan kujera, ta kwana biyu can, sannan ta sake maido su kwalinka. Ko me ta gani a ciki oho.

To a nan ne zancen karatu ya shigo. Lokacin da ba ta da lafiya nakan zauna a sito da daddare in ga ko ta ci abinci, kuma zaman shiru babu daɗi, wayar ma ta ishe ni, sai na jawo ɗaya daga cikin littattafan da na fitar don su sha iska. Rabona da in karanta littafi tun daga farko har ƙarshe wallahi ina jin tun kafin a haifi auta. Na buɗe sai na ga rubutun ya yi dishi-dishi, sai na miƙe hannu can nesa sannan nake gani, na ɗauka fitilar ce. Ba fitila ba ce, shekaru ne. An auna ni aka ce haka ido yake yi in mutum ya haura 40, ganin kusa ya fara wuya, yanzu ina da gilashin karatu, yara sun ce na zama kaka. Kai ma kada ka yi dariya, wata huɗu kawai na ba ka.

Abin da ban sani ba shi ne ashe kana rubutu da fensir a gefen shafi. Ina cikin karatu sai in ci karo da hannunka, wani wajen ka ja layi, wani wajen ka rubuta “ƙarya ne”, wani wajen alamar tambaya uku a jere. Akwai inda ka rubuta sunana ka ce halinsa sak, kuma mutumin da ake magana a kai wani malalaci ne mai yawan alkawari, na gode. Na yi dariya ni kaɗai a sito har Toka ta ɗago kai. Amma gaskiya daga baya jikina ya yi sanyi, sai na ji kamar muna zaune ne kana katse ni kamar yadda ka saba, irin musun nan da muke yi har dare ya raba babu wanda ya yarda. Tun da ka tafi ban samu wanda zan yi irinsa da shi ba, mutanen wurin aiki gaisuwa ce kawai da zancen albashi. Na ma fara ba ka amsa a ƙasan rubutunka, da fensir ni ma, in ka zo ka gani. Wurare da yawa kai ne ba ka fahimta ba.

Wani dare na tsakiyan ya same ni ya ce me nake karantawa, na karanta masa shafi ɗaya don ya tafi, sai ya zauna. Washegari suka zo su uku. Yanzu abin ya zama ƙa'ida, bayan cin abincin dare a ajiye waya, in saka gilashina in karanta musu babi ɗaya, madam tana gefe tana cewa ita ba saurare take ba amma in na tsallake layi ita ce take fara kama ni. Auta ba ta kaiwa ƙarshen babi take barci, da safe kuma ta tsare ni sai na maimaita mata. Babbar tana karɓa ta karanta in muryata ta gaji, kuma na lura karatunta ya saki, da can in ta haɗu da doguwar kalma tsallake ta take yi.

To ga matsalar. Littafin da muke kai yanzu shi ne na ukun nan da na ce zan zo kansa, mai jan bango wanda ka naɗe gindinsa da salatif, labarin wa da ƙanin da suka daina magana saboda gado. A kife yake a saman kwalin, don haka bayansa ne ya sha ruwan haihuwa, shafi wajen 20 na ƙarshe sun manne sun zama kamar katako. Na gwada tururi, na gwada bakin wuƙa a hankali, takardar yagewa take yi. Saura mana babi biyu mu kai wajen kuma ban gaya wa yaran ba. Babbar ta ce za su shirya, na tsakiyan ya ce ƙanin zai mutu kafin nan, har sun yi musu an kusa dambe. Don Allah in ka tuna yadda ya ƙare ka turo min, ko da muryar waya ce, amma ka bi shi daki-daki kada ka ce min kawai sun shirya ko ba su shirya ba, yaran nan sai sun tambaye ni wa ya fara zuwa wajen wani.

Su kuma 'yan kyanwar likita ya ce kada a raba su da uwar kafin sati 8, in sun kai wata uku a yi musu allurar haukan kare, ita ma Toka a yi mata aiki in ta yaye su don tana iya sake ɗaukar ciki tun tana shayarwa, kuma kwalinka ba zai ɗauki zagaye na biyu ba. Mun samu masu karɓar biyu, ɗaya auta ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za a ba da ita ba. Na huɗun wani baƙi ne mai farin ƙafa, shi ya fi kowa faɗa da kwaɗayi, yara sun saka masa sunanka. Ba ni na ce su saka ba, amma ban hana ba.

Ka gaida madam da yara, ka gaida Mama in kun yi waya, ka ce ina nan ina mata addu'ar ƙarin lafiya. Maman yara tana gaishe ku, ta ce in gaya maka in ka zo ni zan yi girkin. Ina jiran ƙarshen labarin nan kafin Alhamis.

Naka har kullum.