Kishi a Fim ɗin Leƙen Asiri Yana Son Dalili

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna jan hankalin matasan Damagaram masu shirya fim mai dogon zango na leƙen asiri. Kusan kullum tsari ɗaya ne: jami'i mai shekara hamsin, amarya 'yar ashirin, sai ta buɗe wayarsa ta iske asirin ƙasa. A nan labarin ke lalacewa, don ɗan leƙen asiri ba ya ajiye sirrin aiki a wayar gida, balle ya bar ta kan katifa.

Kishin ya kamata ya fito daga abin da ba ya iya faɗa mata: fitar tsakar dare, ƙamshin turaren da ba nata ba a rigarsa, tafiya Agadas ba bayani. A shuka zargin tun kashi na 2, a bar shi ya nuna. Sannan abokan gaba su shigo ta wannan ɓaraka, su turo mata ƙawa mai lallashi da ke tatsar labari a gidan biki.

Tazarar shekaru kaɗai ba ta isa rikici. A nuna wanda ke riƙe da kuɗin cefane da wanda dangi ke goyon baya.

Wasu marubuta wasan kwaikwayo,
Birni, Zinder